Wayar gefen titi: wa ke da iko a kan wurin da take tsaye?

Ɗalibar Tsara Birane:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina nazari ne a kan abubuwan da ake kafawa a hanyar masu tafiya da ƙafa a manyan birane, sai na tsaya a kan wayar tarho ta jama'a, wato wadda ake jefa wa tsabar kuɗi kafin a yi kira. A ranar 23 ga Mayu 2022 ne aka tumɓuke irin wannan waya ta ƙarshe da ke ƙarƙashin yarjejeniyar birnin New York, a kan titin Seventh Avenue, aka kai ta gidan tarihin birnin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da wayar ta kamfani ce, kuma harkar sadarwa a hannun gwamnatin ƙasa take, me ya shigar da hukumar birni cikin lamarin tun farko? Sannan yanzu da kusan kowa yake da wayar hannu, shin akwai sauran abin da za a tsara?

Barista:
Wa alaikumus salam, 'yata. Iko biyu ne suka haɗu a kan abu ɗaya, shi ya sa lamarin yake rikita mutane. Kiran da ke bi ta cikin wayar na hukumar sadarwa ne, amma ƙasar da aka kafa wayar a kanta ta jama'ar birni ce, kuma hukumar birni ce aka damƙa wa amanarta. A Amurka, bayan an raba kamfanin waya na AT&T a 1984, an buɗe ƙofa ga ƙananan 'yan kasuwa su sayi wayoyinsu su kafa, sai ga su sun cika tituna, wasu a jikin bangon kantuna, wasu a bakin kwalta, da yawa babu izinin kowa. Dokar sadarwa ta 1996 ta ƙara sakin mara, domin daga 1997 kuɗin kiran cikin gari ya koma hannun masu wayoyin, jihohi suka daina yanke shi. A ƙarshen shekarun 1990 wayoyin sun haura miliyan 2 a faɗin ƙasar. Ke nan birni ba shi da ta cewa a kan farashi, amma yana da cikakken iko ya ce a nan za a kafa, a can ba za a kafa ba, kuma ga sharuɗɗan zama. New York ta yi dokarta a 1995, ta ɗora aikin a kan sashenta na fasaha da sadarwa, sannan a 1999 ta ƙulla yarjejeniyoyin shekara 15 da kamfanoni, waɗanda suka ƙare a watan Oktoba na 2014.

Ɗalibar Tsara Birane:
Na gode, Baba Barista. Waɗanne irin sharuɗɗa ne birane suka fi sanyawa?

Barista:
Yawancinsu a kan tazara ne da kulawa. Ana faɗin yawan filin da dole a bar wa masu wucewa, da nisan wayar daga famfon kashe gobara, da mahaɗar tsallaka titi, da ƙofar gini, da matakalar jirgin ƙasa. Ana wajabta wa mai waya ya rubuta sunansa da lambar kai ƙorafi a jikinta, ya gyara ta cikin ƙayyadadden lokaci idan ta lalace, ya goge rubuce-rubucen da ake yi mata, ya kuma bar kiran gaggawa kyauta ba tare da an jefa ko sisi ba. Sai kuma rabon kuɗi, wanda a ganina shi ne ya zama ginshiƙin komai daga baya.

Malamar Makafi:
Da izinin Barista, zan ɗan tsaya a kan maganar tazara, domin a wurin ɗalibaina ita ce gaba da komai. Mai gani yana kallon rumfar waya a matsayin ƙaramin abu da zai kauce masa ba tare da ya ma lura ba, amma makaho da sandarsa yake karanta hanya, kuma sanda ƙasa take bi. Rumfar da ta sauka har ƙasa ba ta da matsala sosai, sanda za ta taɓa ta kafin jiki ya isa. Wadda take cutarwa ita ce wadda aka maƙala a bango ko a kan siririn turke, ƙasanta fayau, samanta kuma ya turo daidai ƙirji ko fuska. Saboda haka ne ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 suka ce duk abin da aka maƙala a bango, matuƙar gefensa na ƙasa yana tsakanin inci 27 da inci 80 daga ƙasa, kada ya turo cikin hanya fiye da inci 4, wato wajen santimita 10. Sun kuma yi magana a kan tsayin ramin jefa kuɗi domin mai keken guragu ya kai, da maɓallin ƙara sauti domin mai raunin ji. Abin takaici shi ne rubuta ƙa'ida ya fi binta sauƙi, kuma birnin da ba shi da jami'an da za su fita da awo a hannu, takarda kawai ya tara. Na taɓa raka wani ɗalibina asibiti da goshi a fashe saboda irin wannan akwati, kuma da muka duba sai muka tarar wayar ta daɗe da mutuwa, ko mariƙi babu a jikinta.

Mai Harkar Talla:
Allah ya ƙara sauƙi, Malama, kuma babu mai jayayya da abin da kika faɗa. Sai dai ina so mu yi wa kamfanoni adalci tun kafin a fara jifansu, domin na hango inda maganar ta dosa. Waya a titi tana cin kuɗi ko an yi kira ko ba a yi ba: akwai kuɗin layi, da mai zuwa kwashe tsaba, da mai gyara, da ɓarnar ɓata-gari da ke fasa akwatin kuɗi. Da wayar hannu ta janye masu kira, allon talla da ke jikin rumfar ne kaɗai ya ci gaba da biyan waɗannan. A tsohuwar yarjejeniyar New York birnin yana karɓar kashi 36 cikin ɗari na kuɗin tallar, ba tare da ya zuba ko dala ɗaya ba. Idan an hana talla, wa zai biya?

Barista:
Alhaji, ban ce a hana talla ba, amma ka duba abin da ya faru da aka bar ta ta zama ita ce jagora. Mai talla ba inda ake buƙatar waya yake so ba, inda idanu suka fi yawa yake so. Sai aka wayi gari rumfuna sun yi cincirindo a titunan kasuwanci, inda kowa yake da waya a aljihu, unguwannin marasa ƙarfi kuma aka bar su da matattu. A Ingila an ga wannan ƙarara. Doka ta daɗe da bai wa kamfanonin sadarwa damar kafa rumfar waya ba tare da neman cikakken izinin gini ba, saboda ana ɗaukarta a matsayin abin amfanin jama'a. Sai majalisun unguwannin Landan suka fara karɓar takardun neman kafa sababbin rumfuna da yawa a lokacin da amfani da su yake ta faɗuwa, kuma kowa ya san an fake da guzuma ne ana harbin karsana. Majalisar unguwar Westminster ta kai ƙara a kan wata rumfa da ake son kafawa a titin Marylebone, kuma a watan Fabrairu na 2019 babbar kotu ta yanke cewa rumfar da aka yi domin manufa biyu, waya da talla, ba ta shiga cikin wannan rangwame ba. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta soke rangwamen gaba ɗaya ga sababbin rumfuna a Ingila. A Ostireliya ma an yi irin wannan shari'a tsakanin kamfanin Telstra da biranen Melbourne da Sydney da Brisbane a kan sababbin rumfuna masu babban allon talla na lantarki, kuma a 2020 kotun tarayya ta ba biranen gaskiya a matakin ɗaukaka ƙara.

Mai Harkar Talla:
Ranka ya daɗe, ka kawo rabin labarin Ostireliya. Kamfanin da ka ambata shi ne ya mayar da kiran cikin ƙasa kyauta a wayoyinsa na titi, kusan 15,000, tun daga watan Agusta na 2021. Ba na jin hakan zai yiwu ba tare da wata hanyar samun kuɗi ba.

Barista:
Gaskiya ne, kuma abin a yaba ne, sai dai kamfanin yana karɓar tallafi a ƙarƙashin wajibcin samar da waya ga kowa da dokar ƙasar ta ɗora masa. Wato jama'a suna biya ta wata ƙofar. Abin da biranen suka nema kuwa bai wuce a nemi izininsu kafin a dasa allo mai faɗi a tsakiyar hanyar mutane ba.

Injiniyan Waya:
Ina neman afuwa, zan koma kan tambaya ta biyu da 'yar uwa ta yi, domin ina ganin an bar ta a baya. Dalilin da ya sa wasu ƙasashe suka ƙi sakin wayar titi yana cikin yadda aka gina ta. Tsohon layin tagulla daga ofishin musayar kira yake samun wutarsa, wajen bolt 48, kuma wannan ofishi yana da manyan batura da janareta. Saboda haka ko an ɗauke wuta a unguwa baki ɗaya, wayar da ke kan irin wannan layi tana iya ci gaba da aiki, alhali wayar hannu tana buƙatar caji, turakun sabis ma suna mutuwa idan baturansu suka ƙare. Lokacin guguwar Sandy a watan Oktoba na 2012, an ga mutane sun yi layi a bakin wayoyin titi a kudancin Manhattan da ke birnin New York, waɗanda mako ɗaya kafin nan ba wanda yake kallonsu. A Japan kuwa abin a rubuce yake. Wayar jama'a tana cikin layukan da ake fifitawa idan bala'i ya sa aka taƙaita kira, kuma bayan girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011 an mayar da ita kyauta a yankunan da abin ya shafa. Ƙa'idarsu ta wajabta a samu waya ɗaya a kowane fili mai mita 500 tsawo da faɗi a cikin gari, da kilomita 1 a wajen gari, har zuwa 2022 da aka sassauta zuwa kilomita 1 da kilomita 2. Ku lura cewa sun rage ne, ba su soke ba, kuma ma'aunin da suka yi amfani da shi nisan tafiyar mutum ne, babu ruwansa da yawan masu kallon allo.

Amma kada in ɓoye ɗaya gefen. Kamfanoni suna ta ritayar da layin tagulla suna komawa layin fayiba, wanda ba ya ɗaukar wuta. Duk wayar da aka mayar kansa ta rasa wannan fifiko, sai dai a saka mata batir a wurin. Birnin da yake son waya domin ranar bala'i dole ne ya rubuta a yarjejeniya awa nawa za ta yi tana aiki bayan ɗaukewar wuta, ya kuma riƙa gwadawa.

Dattijo:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Ni da na yi zamani da waɗannan wayoyi ina so in tuna muku wani babi da matasa ba su sani ba, wato lokacin da mazauna unguwa da kansu suke roƙon a cire su. A farkon shekarun 1990, a biranen Amurka da dama ciki har da Chicago, an zargi wayar titi da zama ofishin masu sayar da ƙwaya, domin suna tsayawa a gindinta suna jiran kira. Sai aka ɓullo da dabaru iri-iri: a toshe kiran da ke shigowa ta zama ta fita kawai, a kashe ta da dare in ban da kiran gaggawa, har ma a mayar da ita mai lambobin juyawa irin ta da domin kada a aika saƙo ga 'yar na'urar da suke ratayawa a ƙugu. Wasu wurare kuma aka tumɓuke ta ɗungurungum. Masu ƙwaya ba su daina sana'arsu ba, sun matsa gaba ne, ba da daɗewa ba kuma wayar hannu ta yi arha suka koma can. Wanda ya yi asara shi ne mai neman aiki da ba shi da waya a gida, wanda a da yake ba da lambar rumfar kusa da shi domin a kira shi. Ina kawo wannan ne saboda duk lokacin da aka kira taron jin ra'ayi a kan cire waya, masu zuwa su ne masu gidaje da masu kantuna, su kuwa masu amfani da ita ba su ma san an yi taron ba.

Malamar Makafi:
Baba, wannan magana taka ta sa dole in gyara tawa, kada a ɗauka cirewa nake nema. Wayar da ke aiki, aka kuma kafa ta inda ya dace, ba ni da ƙorafi a kanta. Ƙorafina a kan gawar waya ne da aka bari tana tare hanya saboda allon da ke bayanta yana kawo kuɗi.

Ɗalibar Tsara Birane:
To ta yaya hukuma za ta gane wadda ake buƙata, tun da masu buƙatar ba sa zuwa taro?

Injiniyan Waya:
Wayar da kanta tana ba da shaida, domin kowane kira yana barin alama a ma'ajiyar kamfani. Hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta bi wannan hanya. Ta bayyana cewa a cikin shekara ɗaya zuwa watan Mayu na 2020 an yi kiran gaggawa kusan 150,000 daga rumfunan waya, da kira 25,000 zuwa layin taimakon yara na Childline, da 20,000 zuwa layin Samaritans na masu cikin ƙuncin rai, a lokacin da rumfunan suka ragu zuwa wajen 21,000 daga 92,000 da kamfanin waya na BT yake da su a 1992. Yaron da ake cutarwa a gida ba zai so kiran ya bayyana a wayar gidan ba, wannan kuwa buƙata ce da ba za a taɓa jin ta a zauren majalisa ba. A 2022 hukumar ta kafa ƙa'ida cewa idan rumfa ita ce ta ƙarshe a cikin tazarar mita 400, ba za a cire ta ba matuƙar wurin bai samu sabis na dukkan manyan kamfanonin wayar hannu huɗu ba, ko wuri ne da aka san shi da yawan haɗari ko yawan masu kashe kansu, ko an yi kira 52 daga cikinta a shekara, ko akwai wani dalili na musamman. Kira 52 na nufin ɗaya a mako ke nan.

Barista:
Sai dai a lura cewa wannan ƙa'ida ta maye gurbin ikon hawa kujerar na-ƙi da majalisun ƙananan hukumomi suke da shi a da. Yanzu ana tuntuɓarsu ne, suna iya neman a sake dubawa, amma ma'aunin na ƙasa ne. Ni ina da ja a kan hakan, domin wanda yake zaune a wuri ya fi teburin lissafi sanin inda ruwa ke yanke hanya da damina ko inda sabis ke ɗaukewa a bayan tsauni, ko da taswirar kamfani ta nuna akwai shi. Faransa kuwa ba ta tsaya wannan dogon lissafi ba, dokar 2015 ta ɗauke wa kamfanin Orange wajibcin, aka kwashe kusan dukkan rumfunan zuwa ƙarshen 2017.

Mai Harkar Talla:
Shi ya sa nake ganin hanyar New York ta fi. Maimakon a riƙe tsohon abu, sai aka maye gurbinsa da turakun LinkNYC daga 2016, masu ba da intanet kyauta, da kiran cikin ƙasa kyauta, da wurin caji, da maɓallin kiran gaggawa, duk a kan kuɗin talla.

Injiniyan Waya:
Alhaji, turakun suna da amfani, amma tsugune ba ta ƙare ba. An yi alkawarin 7,500, zuwa 2020 ba su kai 2,000 ba, kuma mafi yawansu a Manhattan suke, wato cutar da Barista ya ambata ta biyo su. A watan Satumba na 2016, watanni kaɗan da farawa, dole aka rufe damar yawo a intanet a allon jikinsu saboda ƙorafin cewa wasu suna kafa zama a gindinsu na sa'o'i, wanda kusan shi ne ƙorafin da Baba ya ba mu labari. Ga kuma sabon abu da tsohuwar waya ba ta da shi. Tun a 2014 aka gano cewa an saka ƙananan na'urori masu aika sigina ga wayoyin masu wucewa a cikin ɗaruruwan rumfunan birnin ba tare da an sanar da jama'a ba, sai da labarin ya fita aka ba da umarnin cire su. Duk turken da ke da kyamara da intanet yana iya tattara bayanan mutane, don haka yarjejeniya tana buƙatar babi a kan abin da za a tattara, da tsawon lokacin ajiye shi, da wanda za a iya miƙa wa.

Ɗalibar Tsara Birane:
Na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya da maganar Malama ta tayar mini: idan kamfani ya karye ko ya gudu ya bar rumfunansa, wa zai cire su?

Barista:
Idan an yi yarjejeniyar da hankali, kamfani yana ajiye kuɗin jingina ko takardar lamuni ta banki tun ranar da aka ba shi izini, kuma daga ciki birni zai cire kuɗin tumɓuke rumfar, da yanke wutar da ke shiga cikinta, da cike ramin, da mayar da daɓen yadda yake. Inda ba a yi haka ba, kamar yadda ya faru da yawancin ƙananan masu wayoyi da suka ɓace ba adireshi, sai birni ya liƙa sanarwa a jikin rumfar, ya jira wa'adin da doka ta yanke, sannan ya cire da kuɗin masu biyan haraji. Akan samu cikas idan wayar tana maƙale a bangon gini amma ta turo kan hanyar jama'a, domin sai an fara tantance iyakar filin mai ginin kafin a taɓa ta. A Birtaniya kuma akwai wata mafita ga jajayen rumfunan da mai zanen gine-gine Giles Gilbert Scott ya zana, waɗanda da yawansu suna cikin jerin gine-ginen tarihi da ba a rushewa: tun 2008 BT yana sayar da su ga majalisu da ƙungiyoyin agaji a kan fam 1, bayan an cire wayar, wasu an mayar da su wurin ajiye na'urar farfaɗo da bugun zuciya, wasu ƙaramin ɗakin karatu. Daga ranar da aka sa hannu, fenti da gilashi da duk wanda ya ji ciwo a jikinta sun koma wuyan wanda ya saya.

Malamar Makafi:
'Yata, idan za ki fita duba rumfunan da nazarinki ya shafa, ki tafi da abin awo, ki auna daga ƙasa zuwa gindin akwatin, sannan ki ɗaga mariƙin ki saurara ko akwai sauti. Ki rubuta mini adadin waɗanda suka tsallake duka biyun, ina son in gani.